Yadda Ake Sauraron Faifan Kilarinet da Fiyano: Jagora Daga Schumann Zuwa Brahms

A ƙarshen shekarar 1890 Johannes Brahms, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya shaida wa mai kamfanin ɗab'in da ke buga masa ayyukansa cewa lokacin ajiye alƙalami ya yi. Yana da shekara 57, sunansa ya gama zagaye Turai, kuma a ganinsa ya faɗi abin da zai faɗa. A farkon 1891 ya je Meiningen, wani ƙaramin gari a Jamus mai ƙungiyar makaɗan fada, ya ji busar wani mai kilarinet mai suna Richard Mühlfeld. Busar nan ce ta mayar da shi kan teburin rubutu. A 1891 ya rubuta manyan ayyuka biyu saboda Mühlfeld, sannan a 1894, yana hutu a garin Bad Ischl na ƙasar Ostiriya, ya rubuta sonata biyu na kilarinet da fiyano (sonata dogon kiɗa ne mai kashi-kashi), waɗanda aka ba lamba 120 a jerin ayyukansa. Daga su bai sake rubuta kiɗan ɗaki ba har ya rasu a Viyana a 1897.

Kiɗan ɗaki shi ne wanda mutum biyu ko uku ko 'yan kaɗan ke yi ba tare da madugu a gabansu ba, kowa na sauraron ɗan'uwansa. Zamanin da Turawa ke kira Romantik kuwa, wanda kiɗan da za mu saurara ya fito daga cikinsa, galibinsa ƙarni na 19 ne, lokacin da masu tsara kiɗa suka sa abin da ke cikin zuciya a gaba, ko bege ne, ko kewa, ko fushi. Abin da nake so ka fita da shi daga wannan jagora guda ɗaya ne: a irin wannan faifai babu ubangida babu yaro. Mai kilarinet da mai fiyano zance suke yi, kuma wanda ya bi bakin mutum ɗaya kawai rabin zancen ya ji.

Mataki na farko: san abin da ake busawa

Kilarinet bututu ne baƙi mai tsawon da ya ɗara rabin mita kaɗan, an jera masa ramuka da maɓallan ƙarfe. Wani maƙerin kayan busa mai suna Johann Christoph Denner ne ake danganta ƙirƙirarsa gare shi, a birnin Nuremberg, wajen shekarar 1700. Yawancin masu kyau a yau da wani baƙin itacen Afirka ake sassaƙa su, wanda ake sarowa musamman a Tanzaniya da Mozambik. A bakinsa ana ɗaura ɗan siririn harshe guda ɗaya da aka fere daga kara, shi ne ke karkarwa idan iska ta bi ta kansa.

Wanda ya saba da algaita zai gane bambancin nan take. Algaita harshe biyu gare ta da ke kaɗa juna, shi ya sa muryarta ke da kaifi tana ratsa taron hawan salla, kuma gwanin algaita yana iya cika kumatu ya ci gaba da busa ba yankewa. Kilarinet harshensa ɗaya, muryarsa a dunƙule take, kuma a kiɗan da muke magana a kai mai busa yana tsayawa ya ja numfashi a inda jimla ta ƙare. Riƙe maganar numfashin nan, za mu dawo kanta.

Muryoyi uku za ka koyi ganewa. Ta ƙasa mai kauri ce da duhu, tana fita kamar daga ƙirji. Ta tsakiya, 'yan sautuka kaɗan ne masu ɗan dushi, kuma a nan ake gane gwani, domin ɓoye rauninsu sai wanda ya sha wuya. Ta sama mai haske ce, ita ce ke rera waƙa sosai. Wani abin da kilarinet ya fi yawancin kayan busa iyawa shi ne fara sauti daga shiru, ya kumbura shi a hankali, ya sake mayar da shi shiru ba tare da ka gane daidai inda ya ƙare ba.

Mataki na biyu: zaɓi faifai, ka shirya wurin zama

Ba sai ka wahala ba. Faifai da yawa sukan haɗa sonata biyun Brahms da gajerun kiɗa uku na Robert Schumann da ake kira Fantasiestücke, lamba 73. Rubuta "Brahms clarinet sonata op. 120" ko "Schumann op. 73 clarinet" a YouTube ko Spotify. Ka lura da kalmar clarinet ɗin, domin duka ayyukan biyu ana yin su da kayan goge ma, kuma masu tsara su ne da kansu suka yarda da hakan. Ga sonatocin Brahms, ɗaukar da Richard Stoltzman da Richard Goode suka yi a Amurka, wadda ta ci kyautar Grammy a 1983, wuri ne mai kyau na farawa. Akwai ta Karl Leister, wanda ya daɗe yana jagorantar masu kilarinet a ƙungiyar makaɗa ta Berlin Philharmonic, akwai ta Gervase de Peyer da Daniel Barenboim, akwai ta Martin Fröst da Roland Pöntinen. Ɗauki guda ɗaya ka zauna da ita tukuna.

Kada ka saurara ta lasifikar waya. Hannun hagu na mai fiyano, inda Brahms ke ajiye rabin maganarsa, ba ya fita ta nan ko kaɗan. Iyafis mai matsakaicin kyau ya wadatar, muddin kunne biyun na aiki. Idan da hali ka sauke kiɗan a waya tun da wuri, don kada talla ko yankewar intanet ta faɗo maka a tsakiyar jimla. Nemi lokacin da gida ya yi tsit, ka kashe fanka idan zafi ya bari.

Saita ƙarar sauti yana da ɗan dabara. Kiɗan zamani da muka saba ji an matse shi yadda farkonsa da ƙarshensa ƙara ɗaya suke. Wannan ba haka yake ba: wani wuri raɗa ne, wani wuri tsawa. Nemo wurin da ya fi ƙarfi, ka saita yadda ba zai dame ka ba, sannan ka cire hannunka daga maɓallin. Idan kana ƙarawa a wurin raɗa kana ragewa a wurin tsawa, ka rushe abin da makaɗan suka gina.

Mataki na uku: fara da Schumann

Schumann ya rubuta guntayen nan uku cikin 'yan kwanaki a watan Fabrairun 1849, yana zaune a Dresden. Duka ba su wuce minti goma sha ɗaya ko sha biyu ba, kuma ana yin su a jere ba dogon tsayawa. Saurare su sau uku, ba lallai a zama ɗaya ba.

A karo na farko kada ka nemi gane komai. Ka lura kawai da yadda yanayi ke sauyawa. Schumann ya rubuta umarni da Jamusanci a kan kowane guntu: na farko a yi shi da taushi da nuna abin da ke rai, na biyu da kuzari da sauƙin jiki, na uku da sauri da wuta. Na farkon yana farawa cikin duhu ya ƙare da ɗan haske, kuma daga nan hasken ƙaruwa yake yi har ƙarshe, inda ya umarci makaɗa su ƙara sauri, sannan su sake ƙarawa.

A karo na biyu bi kilarinet kaɗai, ka yi numfashi tare da mai busa. Da gaske nake nufi. Idan ya fara jimla ka fara fitar da iska a hankali, idan ya tsaya ka ja. Za ka ji a jikinka tsawon da jimlar ke da shi, ka gane inda ya yi tanadin iska da inda ya zuba ta duka. A ɗauka mai kyau kana ma jin shigar iskar da ƙarar maɓallan ƙarfe. Wasu na ɗaukar wannan aibi ne. Ni a wurina shi ne shaidar cewa mutum ne mai huhu ke tsaye a gaban na'urar.

Karo na uku shi ne mai wuya, kuma shi ne mai riba. Ka ƙi bin kilarinet, ka bi fiyano kaɗai. Kunne zai riƙa zamewa yana komawa wurin busa, domin ita ce ta fi kama da muryar mutum. Ka dawo da shi. A guntu na farko za ka tarar fiyano ba raka busa kawai yake yi ba, yana da nasa karin da yake rerawa a cikin sautuka uku-uku da ke gudana. A guntu na biyu ma shi ne ke fara faɗin karin, kilarinet ya karɓa. A tsakiyar wannan guntu sukan riƙa jefa wa juna 'yan gajerun sautuka masu hawa, wannan ya jefa wancan ya cafe. Da zarar ka ji wannan sau ɗaya, ba za ka sake jin fiyano a matsayin ɗan amshi ba.

Mataki na huɗu: sonata ta biyu kafin ta farko

Shawarata ka tsallake ta farko ka fara da ta biyu, wadda za ka ga an rubuta E-flat major a gefenta. Kashi uku gare ta, kusan minti ashirin, kuma ta fi saurin karɓar baƙo.

Kashi na farko sunansa Allegro amabile, wato da ɗan sauri amma cikin fara'a. Kilarinet ne ke buɗewa kai tsaye da wani kari mai lanƙwasa, yana hawa sama ya sauko ba gaggawa. Riƙe sautukan farkon nan a ka, ko da guda huɗu ne, ka yi ta gunguninsu. Tsarin irin wannan kashi a wurin Turawan wancan zamani sananne ne: a gabatar da kari biyu ko uku, a wargaza su a jujjuya gutsattsarinsu, sannan a dawo da su cikakku. Aikinka shi ne ka gane lokacin da karin farko ya dawo gida. Brahms ba ya buga ganga don sanar da dawowar, yakan shigo da ita ta ƙofar gefe, sai ka farga kana ciki. Idan ta wuce ka, mayar da kiɗan baya minti ɗaya ka sake.

Kashi na biyu guguwa ce, fiyano na aiki da hannu biyu cike. Abin jira a nan shi ne tsakiyarsa. Komai zai lafa, sai fiyano shi kaɗai ya ɗauko wani kari mai nauyi da faɗi, sautuka a dunƙule suna tafiya a natse. Mai busa yana tsaye yana saurare kamar yadda kake yi. Idan ya shigo, lura da muryar da ya shigo da ita da yadda ya daidaita ƙarfinsa da abin da fiyano ya riga ya shimfiɗa. A wannan wurin kaɗai kana iya gane ko mutanen biyu sun daɗe suna aiki tare.

Kashi na uku shi na fi so, kuma shi ya fi koyar da kunne. Kari ne guda mai sauƙi, sai juyi biyar a kansa. Saurari karin har sai ka iya bin sa da baki. A juyi na farko Brahms ya kwashe kusan komai ya bar ƙashin bayan kawai, sautukan suna faɗowa a gefen bugu maimakon kansa. A na biyu kilarinet ya sauka muryarsa ta ƙasa yana rausaya. A na uku ƙananan sautuka masu sauri suna wucewa daga hannu zuwa hannu har ka kasa cewa ga inda busa ta tsaya ga inda fiyano ya ɗauka. Na huɗu ya fi kowanne shiru, kusan babu motsi. Na biyar ya tashi da ƙarfi cikin duhu, kafin a sauko a huta, a rufe da murna. A kowane juyi ka tambayi kanka abu biyu: ina karin asali ya ɓuya, kuma a hannun wa yake yanzu?

Wani abin da zai iya rikita ka a Brahms shi ne bugu. Yana son haɗa biyu da uku a lokaci guda: hannu ɗaya na raba lokaci gida biyu, ɗayan na raba shi gida uku. Gwada a cinyarka, dama na buga uku, hagu na buga biyu, suna haɗuwa a bugun farko. Idan hannunka ya iya, kunnenka zai daina jin wuraren nan a matsayin kuskure.

Mataki na biyar: sonata ta farko

Wannan ita ce F minor, kashi huɗu, ta ɗan fi 'yar'uwarta tsawo da zafi. Fiyano ne ke buɗewa shi kaɗai da wani layi tsirara, hannu biyu na faɗin abu ɗaya a sama da ƙasa. Kada ka ɗauka share fage ne kawai. Wannan ɗan layin zai yi ta dawowa cikin sutura iri-iri har ƙarshen kashin. Da kilarinet ya shigo, duba irin tsallen da yake yi daga muryar sama zuwa ta ƙasa a cikin jimla guda. Brahms ya san kayan Mühlfeld ciki da waje, kuma yana amfani da bambancin muryoyin nan da gangan. Bayan duk faɗan, kashin yana ƙarewa a hankali, duhun ya koma haske a sautukan ƙarshe.

Kashi na biyu shi ne inda za ka gwada abin da ka koya game da numfashi. Kari ne mai saukowa sannu a hankali, jimlolinsa dogaye, fiyano na taɓa sautuka kaɗan a ƙarƙashi. Idan mai busa ya yi saurin da ya wuce kima, daɗin ya tafi. Idan ya ja shi da yawa, iska ta ƙare masa jimlar ta karye. Na uku rawa ce irin ta ƙauyukan Ostiriya mai taku uku, mara nauyi. Na huɗu yana farawa da sauti guda da fiyano ya buga sau uku da ƙarfi. Ƙirga sau nawa za ka sake jin bugun nan uku, da wanda ya yi shi kowane karo, wani lokaci a sama, wani lokaci can ƙasa a hannun hagu.

Brahms da Mühlfeld sun yi wa Clara Schumann, matar marigayi Robert kuma ɗaya daga cikin manyan masu fiyano na ƙarnin, waɗannan sonatoci a Frankfurt a watan Nuwamban 1894, kafin su kai su gaban jama'a a Viyana a Janairun 1895. Brahms ne da kansa ke kan fiyano. Mutumin da ya rubuta wa hannunsa wannan rabo bai rubuta shi don ya zauna a baya ba.

Mataki na shida: kwatanta ɗauka biyu

Sai bayan ka saba da faifai guda har kana sanin abin da ke tafe, sannan ka nemo na biyu. Kada ka kwatanta sonata sukutum. Ɗauki minti biyun farko na kashi guda, ka ji a nan, ka ji a can, ka sake komawa.

Fara da muryar busa. Akwai ƙirar kilarinet iri biyu da ake amfani da su a yau: ta Jamus, wadda Jamusawa da mutanen Ostiriya suka riƙe, da ta Faransa, wadda ta bazu a sauran duniya. Leister salon Jamus yake bi, sautinsa santsi ne kuma a miƙe, ba ya karkarwa. Stoltzman kuwa yana sa wata 'yar rawar murya a kan dogayen sautuka, yana kuma lanƙwasa jimla yadda mawaƙi zai yi. Masu kilarinet sun daɗe suna jayayya a kan wannan rawar murya. Ni ina son ta idan an ajiye ta don wuraren da suka cancanta, tana gundurata idan ta zama ado a kan kowane sauti. Kai ma za ka samu naka ra'ayin, kuma ka yarda da kunnenka.

Sai sauri. Duba tsawon kashi guda a faifai biyun. Bambancin minti ɗaya a kashi mai minti takwas babban abu ne, yana iya mayar da fara'a ta koma kewa. Lura kuma da yadda suke jan lokaci su sake shi a cikin jimla. Masu yin irin wannan kiɗa ba sa tafiya da bugun agogo, sukan ɗan dakata kafin sauti mai muhimmanci sannan su biya bashin a gaba. Abin dubawa shi ne ko su biyun tare suke dakatawa.

Na ƙarshe aikin masu ɗaukar sauti ne, kuma mutane kan manta da su. Rufe ido ka nuna da yatsa inda kilarinet yake da inda fiyano yake. A wasu faifan an matso da na'urar ɗauka kusa da mai busa har fiyano ya koma kamar daga wani ɗaki yake, wanda ga Brahms hasara ce babba. A wasu kuma fiyano ya danne muryar ƙasa ta kilarinet. Saurari abin da ke biyo bayan sautin ƙarshe ma: amon da ya rage yana gaya maka ko a babban zaure aka ɗauka ko a ƙaramin ɗaki. Idan kana son jin abin da ya fi kusa da kunnen Brahms, nemi ɗaukar Lorenzo Coppola da Andreas Staier, waɗanda suka yi amfani da kilarinet da aka ƙera bisa irin na Mühlfeld da kuma fiyano na ƙarni na 19. Tsohon fiyanon bai kai na yau ƙara ba, don haka daidaiton da makaɗan yau ke fama kafin su samu yana zuwa musu da sauƙi.

Daga nan ina?

Hanya biyu ce a gabanka. Idan natsuwar Brahms ce ta kama ka, je wurin Camille Saint-Saëns na Faransa, wanda ya rubuta sonatarsa ta kilarinet, lamba 167, a 1921, yana da shekara 85, 'yan watanni kafin ya rasu a Aljeriya. A kashinta na uku kilarinet yana faɗin kari mai nauyi da muryar ƙasa, sannan ya maimaita shi can sama a hankali, kuma babu wurin da ya fi wannan nuna maka cewa kayan busa guda na iya zama kamar mutum biyu.

Idan kuwa wutar guntun Schumann na uku ce ta fi burge ka, koma baya zuwa Carl Maria von Weber, abokin shahararren mai kilarinet na Munich, Heinrich Baermann. Aikinsa Grand Duo Concertant, lamba 48, wanda ya kammala a 1816, tsere ne tsakanin gwanaye biyu, kuma Weber da kansa gwanin fiyano ne, don haka bai raga wa kowane ɓangare ba. Fara da kashinsa na tsakiya mai tafiya a hankali, sannan ka shiga na ƙarshe. Shi ma ka ji shi sau uku kamar yadda ka yi wa Schumann, kuma a karo na ukun ka sa kunne kan hannun dama na mai fiyano, wanda ke gudu kafaɗa da kafaɗa da kilarinet har zuwa sautin rufewa.